Akushin Iya Mai Ɗinki a Tsakiya

Jikata ce ta tono shi, ranar da aka fitar da kayan ɗakina tsakar gida za a yi fenti. Ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta riƙe shi da yatsu biyu kamar wadda ta ɗauko mataccen ɓera, ta ce, "Hajiya, wannan baƙin abin fa? A ba 'yan bola?" Na ce mata ta sauke shi a hankali, in ba haka ba ita zan ba 'yan bolan. Akushi ne, kwanon itace irin wanda maza ke cin tuwo a ciki a zamaninmu. Ya yi baƙi ƙirin don tsufa da shan mai, kuma akwai tsaga da ta ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, an ɗinke ta da siririyar waya. Yarinyar nan aikin jinya take koyo a asibitin koyarwa, ta san sunan kowane ƙashi da ke jikin ɗan Adam, amma ba ta taɓa jin an ce akushi ba. Ban ga laifinta ba, a kula ta buɗe ido ta ga ana zuba abinci. Sai dai tun daga ranar zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya, domin ba don baƙin abin nan ba, da ɗakin da ake shafa wa fentin ba namu ba ne.

Wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi ta yau, da ƙarar adaidaita sahu da janareto da masu walda, zai ce ƙarya nake in na ce a nan na yi tsinkar rama da roron gyaɗa. To na yi, kuma ba na neman shaida. Ɗan ƙauyenmu yana zaune ne tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, gidaje kaɗan na ƙasa da dangar kara, gonaki sun kewaye mu ta ko'ina. In damina ta yi nisa dawa kan rufe hanya, ka ji muryar mai zuwa tun kafin ka ga hularsa. Birni kuwa wani wuri ne can da ake shiri kafin a je shi. Ba agogo ke tashinmu ba. Da farko ka ji guga ta faɗa rijiya, sai kukan jakunan da za a kora birni ɗebo taki, sai turame su ɗauka gida-gida. Kowane turmi da muryarsa. Ina kwance nakan gane na gidan wanzami, don ya tsage, yana amsawa kamar mai mura. In hantsi ya yi ka ji mai gyartai yana jan kiransa a bayan danga, mata su miƙo masa fasassun ƙorai ya ɗinke. A lokacin ba a zubar da abu don ya fashe. Yanzu roba ta tsage da safe, kafin azahar tana cikin kwata.

Kakata ta wajen uba, wadda kowa a ƙauyen ke kira Iya, ba ta yi boko ba, amma duk abin da ya taɓa faruwa a wurin yana ajiye a ɗakinta. In ka taɓa ƙwarya ta ce shekarar da fara ta cinye gero aka fafe ta. In ka ɗaga tasa ta ce da ita aka kai garar wance, ta bi ta jero maka 'ya'yan wancen da inda kowa ya yi aure. Takan kore mu tana cewa, "Ku bar taɓa min kaya da hannun wasa, kowanne da mai shi a lahira." Takarda kuwa, in ka cire Alƙur'anin Baba da ke cikin gafaka, iri biyu ce a duk gidan. Akwai hoton Baba guda ɗaya, wanda wani mai hoto ya ɗauka da ya zo yawon salla da akwatinsa mai ƙafa uku. Sai kuma gwangwanin alawa da ke rataye a azarar zaure, cike da takardun haraji, na Baba da na mahaifinsa, an naɗe su an ɗaure da zare.

Akushin nan shi kaɗai ne Iya ba ta son a tambaye ta labarinsa, daga bakin Inna mahaifiyata na ji. Lokacin da Iya ke goyon Baba, wanda shi ne ɗanta na fari, matar mai unguwa na wancan zamani ta rasu wajen haihuwa ta bar jariri namiji. Aka naɗo shi a zane aka kawo wa Iya, ta haɗa su biyu ta shayar. Talle ake ce masa, kamar yadda ake kiran yaron da uwarsa ta rasu ta bari. A gidanmu ya yi rarrafe, a gidanmu aka yaye shi, kuma ko da aka mayar da shi gidan ubansa, ƙafarsa ba ta daina zuwa cin tuwo ba. Akushi ɗaya Iya ke zuba musu. Wata rana suka yi rigima kan wa ya fi yin babbar loma, wannan ya ja wancan ya ja, akushi ya faɗa kan dutsen niƙa ya rabe biyu. Iya ba ta doki kowa ba. Ta ba mai gyartai ya ɗinke, ta zuba tuwo, ta ja layi da yatsa a kansa daidai ɗinkin, ta ce nan na Talle ne, can na ɗayan ne, wanda ya tsallaka ya kwana da yunwa. "Ɗayan" take cewa, domin Iya ba ta taɓa kama sunan Baba ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta tsaya masa a gaban mutane ko da shi ke da gaskiya. 'Yan yanzu da ke rungume ɗan fari suna ɗaukar hoto za su ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, na zauna da matar, na sani.

Talle ya girma ya gaji ubansa, aka naɗa masa rawani, sunan Talle ya ɓace sai "ranka ya daɗe". Duk da haka ranar Juma'a yakan zo su ci tuwo da Baba a zaure, kowa a gefensa. Haraji ne ya raba su, don rabin aikin mai unguwa a lokacin karɓarsa ne. Wanda bai ga haraji ba ba zai gane ba. Namiji ba ya shiga birni sai da takardar shekarar a cikin hularsa, don ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna. Shekarar da aka yi fari, ina 'yar budurwa, gonarmu ba ta ba da abin kirki ba, Baba ya makara. Dogarai suka zo, aka tara waɗanda ba su biya ba a ƙofar gidan mai unguwa, aka cire musu huluna, aka zaunar da su a rana. Baba na cikinsu. Mai unguwa yana inuwar zaurensa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai ɗago ba har aka tashi. Ba shi ya ba da umarnin ba, Baba ma ya sani. Amma bai ɗago ba. Washegari Baba ya kai jakinsa kasuwa, ya karɓo 'yar takarda ya jefa a gwangwani. Daga ranar tsakaninsu sai gaisuwar masallaci, Iya kuma ta wanke akushin ta tura shi ƙarƙashin gado.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. A shekarar ne mu mata muka fara jefa ƙuri'a, a shekarar ne kuma na dawo gida haihuwar fari. Ina zaune da tsohon ciki ina tsintar wake, rediyon Baba na kan katanga, sai muka ji sabon gwamna ya soke haraji. Baba ya ƙara murya, ya saurara har aka maimaita. Ya miƙa sanda ya sauko da gwangwanin, ya gyara zaman hularsa ya fita. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, amma na ga hayaƙin ta saman danga. A daidai inda aka zaunar da shi a rana ya zazzage takardun, ya ƙyasta ashana, ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kayanku nan mun dawo muku da su." Nan da nan maza suka ruga gidajensu suka kwaso nasu, matasa na ihu, wani har da kiɗan garwa. Mai unguwa ya tashi daga kan buzunsa ya shige gida, aka bi bayansa da dariya.

Har gobe ban ce Baba ya yi wauta ba. Da ni aka zaunar a rana, da har gwangwanin zan ƙona. Ranar ya dawo yana tafiya kamar an sauke masa buhu daga ka, ya ci abinci har da neman ƙari. Iya ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ce da Inna, yadda zai ji daga zaure, "A gaya wa mai ashanar nan, takarda ya tafi ƙonawa, ya haɗa da fuskar mutum."

Na haihu lafiya. Ina cikin wankan jego, ana dafa min ruwa da ganyen darbejiya ana ɗura min kunun kanwa, sai ga 'yan safiyo masu auna ƙasa da sandunansu masu ja da fari. Birni ya iso. Dama mun daɗe muna ganin alamarsa, don baƙi sun yi ta sayen gefen gonaki suna kafa ɗakuna, har mun daina gane muryar duk wanda ya yi sallama. Aka ce gwamnati za ta yanka wurin fuloti-fuloti ta fitar da tituna. Aka kafa kwamiti, aka ce duk gidan da ya tabbata na asalin wurin ne za a bar shi inda yake, sauran kuwa a ba su wani wuri can bayan gari su tashi. Nan take kowa ya zama ɗan asali, har wanda bulon ɗakinsa bai gama bushewa ba. Don haka kwamiti ya ce shaida iri biyu zai karɓa, tsofaffin takardun haraji ko bakin mai unguwa. Sauran da suka ƙona nasu ba su sha wahala ba, suka lallaɓa ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa, ya shaide su. Baba ya ce ƙafarsa ba za ta taka ƙofar ba.

Hoton nan ya ɗauka ya tafi da shi wurin kwamiti, yana cewa ai a ƙofar gidan aka ɗauke shi tun yana saurayi. Gaskiya ne, a ƙofar gidan aka ɗauka. Abin da ya manta shi ne mai hoton ya rataya wani ƙyalle a bayansa, mai zanen gidan sama da jirgi yana wucewa ta kai, don a lokacin ba wanda zai yarda a ɗauke shi da katangar ƙasa. Akawun kwamitin, mutum mai ladabi, ya duba hoton ya sake dubawa, ya ce, "Baba, kai dai na gan ka, ka kuma yi kyau. Gidan ne ban gani ba." Ya ce kada ya damu, kalma ɗaya daga mai unguwa ta wadatar. Aka juya wajen mai unguwa da ke zaune a gefe, aka ce ya san gidan Malam? Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Gidaje sun yi yawa yanzu. Sai na tuna." Aka ce to ya tuna zuwa jibi, ranar za a rufe maganar ɓangarenmu. Da yamma aka zo aka shafa jan fenti a jikin zaurenmu.

Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta roƙi Baba ya je ya ba da haƙuri, ya ce gara katafila ta bi ta kansa. Kwanon da aka kai masa zaure a rufe yake dawowa, ko buɗewa ba ya yi. Ni ma na ji tsoro, tsoro na gaske. Ina rungume da jaririna ina kallon bayan ɗakin Iya, inda aka binne cibiyarsa kusa da tawa, kusa da ta Baba, ina tunanin titi zai bi ta kai. Kowa ya san mutum ɗaya ce mai unguwa ba zai iya ƙin maganarta ba, amma ba wanda ya isa ya ce wa Iya ta je ta roƙa wa ɗanta na fari alfarma. Ba a yi, kuma ba za ta yi ba. Inna ta gwada ta gefe, ta ce, "Iya, kina ji za a tashe mu." Iya ta ce, "Ina ji, ni ba kurma ba ce." Ta ci gaba da kaɗin audugarta.

Washegari da hantsi ta kira ni. "Ke mai jego, ciki ne ya haihu ko hannu?" Na ce ciki ne. Ta ce to in ɗebo jar dawa a rumbu, in surfa, in wanke, in niƙa a dutse. Na ce ga injin niƙa an kafa a bakin hanya, ta ce garin inji warin ƙarfe yake, wanda za a kai wa ya san bambanci. Ban tambayi wa za a kai wa ba. Na surfa, na bakace, na durƙusa gaban dutsen da rabona da shi tun kafin aure, ita tana zaune a kaina tana cewa ban iya ba. Miyar da kanta ta kaɗa, kuka da daddawa, ba nama, sai man shanu da ta soya da albasa har ƙamshin ya tsallaka danga. Ina tuƙa tuwo na ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Da ta fito da akushin, Inna ta dafe ƙirji. Iya ta wanke shi, ta shafe shi da mai har ya yi ƙyalli, ta kwashe tuwon ta gyara samansa da mara, ta zuba miya, ta rufe da sabon faifai. Ta ce in yafa mayafi in ɗauka, wannan ba aiken yara ba ne. Inna ta ce ai ban gama wanka ba. Iya ta ce, "Ƙofar gida za ta, ba Makka ba." Ta ɗauki sandarta, alhali rabonta da ƙetare zauren gidan tun rasuwar kakanmu.

An idar da la'asar, Baba na zaune a zaure ya miƙe ƙafa. Ya ga uwarsa da sanda, ya gan ni a baya da akushi a kafaɗa, ya gane shi, ya buɗe baki. Iya ba ta dube shi ba. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mai zauren nan ya janye ƙafarsa, zan wuce." Ya janye.

Ƙofar mai unguwa cike take da maza, don tun da aka fara maganar fuloti ba ta rabuwa da jama'a. Na ɗauka za mu shige cikin gida wajen mata yadda aka saba. Sai Iya ta tsaya a tsakiyar fili, ta dogara sandarta, ta ce, "Talle."

Akwai waɗanda ba su ma san wa take nufi ba. Mai unguwa ya miƙe da sauri har carbinsa ya faɗi, ya zo gabanta ya durƙusa, babbar rigarsa na cikin ƙasa.

"Iya, ke da kanki? Ai da kin aiko na zo."

"Da ka zo? Na ji an ce ka manta hanyar."

Ta yi min alama na sauke akushin a gabansa, ta sunkuya ta ɗage faifan. Na ga idonsa ya sauka kan wayar ɗinkin da ta leƙo a baki, ya tsaya a nan.

"Ran nan na hango ka ta saman danga, na ga ka rame," in ji Iya. "Na ce ko tuwon gidan sarauta ba ya riƙe ciki."

"Iya, maganar gidan nan..."

"Ni ban zo da magana ba, tuwo na kawo. Ka ci da zafinsa. In ka gama a mayar min da akushina, shi ke nan gare ni." Ta juya kamar za ta tafi, sai ta waiwayo. "In ɗan aiken ya zo bai same mu ba, ya tambayi masu jan fenti inda suka kai mu."

Ba ta ambaci Baba ba ko da "ɗayan". Muka kamo hanya, tana min faɗa wai na bar gudaji a tuwon.

A al'adarmu kwano ba ya kwana a gidan da aka kai shi, kuma ba ya dawowa wayam. Ko goro ne, ko 'yar gyaɗa, sai an saka wani abu a ciki. Magariba ta yi ba akushi. Inna ta ce shi ke nan, an wulaƙanta tsohuwa a banza, ta shiga haɗa kwanukanta a buhu. Iya kuwa ta yi sallarta ta kwanta abinta.

Da safe ina shan kunu muka ji sallama. Ni da Inna muka laɓe a ƙofar zaure ta ciki muna leƙe. Mai unguwa ne da rawaninsa, cikin shirin zuwa kwamiti, ba ɗan rakiya, ya rungumo akushi da hannu biyu. Ban taɓa ganin mai rawani ɗauke da kwanon tuwo a kan hanya ba, kafin ranar ko bayanta, kuma duk ƙauyen sun gani, don ta tsakiyar gari ya biyo. Baba ya amsa sallamar ciki-ciki, bai tashi ba. Mai unguwa bai jira a shimfiɗa masa komai ba, ya zauna a ƙasa gaban Baba, ya ajiye akushin a tsakaninsu ya buɗe. Rabin tuwon na nan, an ɗumama shi yana tururi. An cinye gefe ɗaya tas, daidai kan ɗinkin, ko loma ba a tsallaka ba.

"Na ci nawa, Yaya," in ji shi. "Ga naka."

Baba ya kalli tuwon, ya kalli bango. Can ya ce, "Ka bar ni a rana."

"Na bar ka. Na kasa ɗaga kai, kuma har yau kunyar ba ta sake ni ba. Kai kuma ka tara min gari aka yi min dariya."

"Na tara."

Ba wanda ya taɓa akushin har na ɗauka tuwon zai huce a banza. Inna ta damƙe min kafaɗa da ƙarfi. Sai Baba ya juyo wajen ƙofar da muke, ashe ya san muna nan, ya ce, "A miƙo min buta." Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya fara ci daga bakin ɗinkin. Yana ci ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Duk ka janye man shanun gefenka, Talle. Halinka na nan." Mai unguwa ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, ya ja gefen rawani ya rufe fuska.

Tare suka tafi wurin kwamiti. An ce da aka sake tambayarsa ko ya tuna gidan Malam, cewa ya yi, "A gidan na sha nono. In ba na asali ba ne, to ni ma baƙo ne." Akawu ya rubuta, aka aiko aka kankare jan fentin. Titin da aka ja ya ɗan karkace a daidai ƙofarmu, har yau masu adaidaita sahu na tsaki in sun zo kwanar, ni kuwa ina jin su daga ɗaki ina jin daɗi.

Duk sun tafi yanzu, Allah ya jiƙansu. Gonakin sun zama shaguna da gidajen hayar ma'aikatan asibiti da ɗalibai, rijiyar an rufe ta da kankare, dutsen niƙan yana bakin famfo ana ɗora bokiti a kai. Ni na dawo ɗakin Iya bayan rasuwar maigidana. Muna da takardar mallaka yanzu mai tambarin gwamnati, ƙannena sun sa ta a leda sun kulle a akwati, kuma na yarda da hakan, don na ga abin da rashin takarda ke yi. Hoton Baba da jirginsa yana bango, yara na tambaya ko a filin jirgi muka zauna. Iya ba ta da hoto ko ɗaya, ta ƙi tsayawa gaban mai hoto har ta koma ga Allah. Da na ba jikata labarin nan ta ciro waya ta ɗauki akushin ta kowane gefe, ta ce za ta tura wa 'yan'uwa. Na ce ta tura, amma ta shafa masa mai tukuna, ta ɗora min shi a saman durowa inda zan riƙa ganinsa.

Ta tambaye ni me Iya ta ce da aka gaya mata gida ya tsira. Ko hamdalar ma a ranta ta yi. Abin da na riƙe shi ne na safiyar, bayan mazan sun fita, tun ba a san yadda za ta kaya ba, da na kai mata akushin ɗaki. Ta karɓa ta juya shi, ta bi ɗinkin da yatsa, ta yi ƙorafi wai manya biyu da gemu sun kasa ɗauraye kwano. Na juya zan fita sai ta kama bakin zanena, ta rage murya yadda Inna ba za ta ji ba.

"Ya ci?"

Na san wanda take nufi, amma tsokana ta sa na ce, "Wa, Iya? Mai unguwa?"

"Ke dai Allah ya shirye ki. Ya ci?"

"Ya cinye tas, Iya, har da suɗe hannu."

Ta saki zanena, ta juya fuskarta bango, ta rungume akushin a ƙirjinta yadda ban taɓa ganin ta rungumi ɗanta ba. Na ja mata ƙofa na fito.